Yumɓu yana rushe mini a kan keke, in ci gaba ko in haƙura?

Ƙanwata, na karanta saƙonki har sau biyu. Kin ce kin shiga ajin koyon ginin tukwane na mako takwas, irin wanda ake yi a kan keken nan mai juya faifai, yau zuwanki uku ke nan ba ki fito da ko kofi ɗaya ba. Da kin ɗora hannu sai yumɓun ya kama rawa, in kin yi sa'a ya ɗan tashi sai bakinsa ya baje ko ya murɗe ya zube. Kina tambaya ko hannunki ne ba na wannan sana'a ba, ko kuwa ki sayi keken kanki ki riƙa gwadawa a gida.

Ki ci gaba da zuwa, kuma kada ki sayi keke yanzu. Shekaru da dama ina zaunar da sababbin ɗalibai a gaban keke, kuma abin da kika faɗa shi ne abin da nake gani a wajen kusan kowa a zuwa na uku. Wanda ya fito da kofi a ranar farko, yawanci hannun malami ne ya yi rabin aikin. Abin da ya fi damuna a saƙonki shi ne yadda kike auna kanki da abin da za ki ɗauka zuwa gida. A makonnin farko ba kaya ake ginawa ba, hannu ake ginawa, kuma yumɓun da ya rushe ba a yi asararsa ba, a sake kwaɓa shi gobe ya koma kan faifai.

Tun kafin ki zauna a kan kujera ake cin rabin yaƙin. Ki taɓa yumɓun da aka ba ki. In kin danna babban yatsa ya shige da sauƙi bai manne miki ba, ya yi. In sai kin yi nishi kafin ya lotsa, ya yi tauri, ki mayar ki nemi mai laushi, ba rashin kunya ba ne. Ƙwararre yana iya sarrafa yumɓu mai tauri, amma ɗan koyo ba abin da zai samu sai ciwon wuyan hannu. Na sha ganin ɗaliba tana zargin kanta alhali laifin na yumɓun da ya kwana a buɗe ne. Sai cuɗawa. Ya yi kama da kwaɓin fulawa amma manufarsu ta saɓa, mai burodi iska yake cusawa, ke kuwa fitar da ita kike so, ki kuma sa laushin ya zama ɗaya ko'ina. Ki tura da gindin tafin hannu, ki jawo ki naɗo, ki sake turawa, har ƙullin ya ɗauki siffar kan rago. In kin yi kamar sau hamsin sai ki yanka shi biyu da waya ki duba. Idan kin ga ramuka ko wani ɓangare ya fi wani duhu, da saura. Kumfar iska ɗaya ko ƙullutu ɗaya mai tauri, duk juyin da faifai zai yi sai ya bugi yatsanki, kuma ba yadda za ki yi bango ya tashi sumul.

Ki sa a sikeli ki auna ƙwallaye shida ko takwas, kowanne giram 500 zuwa 700. Masu koyo suna son ɗan ƙarami don suna ganin ya fi sauƙi, alhali ɗan mitsitsi ɓacewa yake yi a cikin tafin hannu ba ki jin inda ya karkata. Kuma in kin zauna da ƙwallo ɗaya tak, za ki yi ta lallaɓa shi kamar ƙwai har ya sha ruwa ya mutu. Wadda ke da bakwai a gefe ba ta jin tsoron rasa na farko.

Yanzu ga inda matsalarki take, wato zaunar da yumɓu a tsakiyar faifai. Duk rawar da kike gani a sama daga nan ta samo asali. Ki tabbata faifan ba shi da ruwa, ɗan danshi kawai, ki buga ƙwallon a tsakiya da ƙarfi ya kama. Ki matso da kujera har cinyoyinki su rungumi keken, hancinki ya zama yana saitin tsakiyar yumɓun. Ki kafa gwiwar hannun hagu a cinya ko a ƙugu, ta zama kamar an dasa ta. Wannan ita ce maganar da nake maimaitawa fiye da kowace a aji. Hannun da ke shawagi a iska bin yumɓu yake yi, in ya yi dama ya bi shi, in ya yi hagu ya bi shi, to wa zai gyara wani? Amma idan gwiwar hannu ta jingina da jiki, nauyinki gaba ɗaya ne ke tare shi, sai ki ɗan sunkuya gaba kawai, yumɓun da kansa zai nemi tsakiya don ba shi da wata hanya. Hannuwan biyu kuma su riƙa taɓa juna a koyaushe, babban yatsan wannan a kan bayan wancan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, a nan ma haka abin yake.

A wannan mataki keke ya yi gudu sosai. Masu dama a nan ƙasar da Turai suna juya shi akasin tafiyar hannun agogo, a Japan kuwa da yawa bin agogo suke yi, in ke bahaguwa ce ki tambaya ko kekenku yana juyawa baya. Ki jiƙa hannu, ki matse gindin yumɓun da tafukan biyu ya tashi sama kamar tsinin hular gwangwani ko kan dawa, sannan ki danna shi ƙasa da hannun dama kina ɗan tura shi gaba, hagu yana tare gefe kada ya yi lema. Sau uku ana wannan hawa da sauka. Kuskuren da ya fi yawa yana zuwa a ƙarshe, lokacin ɗauke hannu. Ɗaliba ta wahala ta daidaita shi, murna ta kama ta, ta zare hannu farat ɗaya, shi ke nan ya koma rawa. Hannu a hankali yake sauka a kan yumɓu, a hankali yake barinsa, kamar mai kwantar da jaririn da ya yi barci a kafaɗa. Kuma kada ki taɓa shi in faifai a tsaye yake.

Akwai wata baiwar Allah da na koyar, ta girme ni, ta yi mako huɗu tana wannan fama har na ga idonta ya kawo ruwa. Na ce mata, "Hajiya, ki rufe idonki." Ta dube ni tana mamaki, na ce ta gwada kawai. Ta rufe, ta kafa gwiwar hannu, ta sunkuya. Ina tsaye ina kallon kafaɗunta suna girgiza tare da yumɓun, girgizar tana raguwa tana raguwa, can sai na ga sun tsaya cak alhali keke yana ta gudu. Ba ta buɗe ido ba ta ce, "Malam, ya yi shiru." Kalmar da ta dace ke nan. Yumɓun da ya zauna a tsakiya, a hannu ji za ki yi kamar ba ya motsi. Ido yana ruɗin mutum, yana sa ki kai wa kowane tudu farmaki, tafin hannu kuwa ba ya ƙarya. Ki gwada wannan a zuwanki na gaba.

In ya yi shirun, sai ki rage gudu zuwa matsakaici ki huda. Babban yatsa ko yatsu biyu a tsakiya, ɗayan hannun yana dafe da su, ki nutsa a hankali. Kada ki kai ƙasa. Ki tsayar da keke ki soka allura har ta taɓa faifai, ki sa yatsa a inda ta tsaya ki zaro ki gani, kamar santimita 1 ake so ya rage. Daga nan ki jawo yatsun zuwa wajenki a miƙe don gindin ya buɗe ya yi shimfiɗe. Sannan ki bi gindin nan da yatsa ko soso kina dannawa, daga tsakiya zuwa gefe, daga gefe zuwa tsakiya, sau huɗu ko biyar. Ba wanda ke son wannan aikin don ba a ganin amfaninsa nan take. Sai bayan mako biyu, in aka juya kofi aka ga tsaga mai lanƙwasa kamar maciji a gindinsa, a lokacin ake tuna shi. Bango yana shan matsa daga ciki da waje, gindi kuwa ba mai matsa shi in ba ke ba, ga shi nan ne ruwa ke taruwa, shi ya sa in an zo bushewa yake yagewa.

Jan bango kuma da keke a hankali ake yi. Kin ce bakin yana bajewa, to ina kyautata zaton ƙafarki tana kan feda kamar yadda take lokacin daidaitawa. Duk abin da ke juyawa da gudu waje yake son tafiya, ki tuna yadda ruwa ke fantsama daga tayar keke. Da bango ya fara tsawo ya fara sirancewa, sai gudu ya ragu. Hannun hagu a ciki, na dama a waje, a ɓangaren damanki, wajen ƙarfe 4 in kin ɗauki faifan a matsayin agogo. Yatsan waje ya fara daga can ƙasa, ya ɗan tona ƙarƙashin yumɓun ya tayar da wani ɗan kumburi, na ciki yana ɗan sama da shi kaɗan, sai su hau tare da kumburin a bisa. Kada hannu ya riga faifai, kowane hawa kaɗan sai faifai ya zagaya sau ɗaya cikakke, in kin yi sauri za ki ga zane kamar na dodon koɗi a jiki kuma gefe ɗaya ya fi kauri. Ki riƙa nufin ciki, kamar kina son saman ya fi gindin tsukewa, don buɗe baki abu ne mai sauƙi daga baya, mayar da shi ne wahala. In kin kusa baki ki sassauta matsi, ki bar masa ɗan kauri, ki dafa shi da yatsa ya zauna. Ja uku ya isa. Ruwa kuma ki yi masa rowa, gwargwadon abin da zai hana hannu kamawa, wanda ya taru a ciki ki tsane da soso. Yumɓun da ya yi minti goma sha biyar yana shan ruwa ya riga ya gaji, ko ni na karɓa ba zai tsaya ba.

Abin da za ki riƙa ginawa a yanzu shi ne siffar gwangwanin madara, miƙaƙƙen bango da shimfiɗaɗɗen gindi. Na san kwano ya fi sauƙi, ai kwano shi ne abin da yumɓu ke zama in an bar shi ya yi son ransa. Kofi, buta, tulun fure, gorar ruwa, duk daga gwangwanin nan suke fitowa. Kuma ga abin da zai yi miki zafi: ki yanka su. In kin gama ɗaya, ki zura waya ƙarƙashinsa zuwa rabi, ki ɗago ta sama ta raba shi biyu, ki dubi kaurin bangon. Za ki ga ƙasa ya yi kauri kamar katanga, tsakiya kuma ya sirance kamar takarda. Nan ne amsar tambayarki take. Bangon yana murɗewa ne don kin matse tsakiya kin bar yumɓu jibge a ƙasa, sirantaccen wuri ya kasa ɗaukar abin da ke samansa. Gani ya kori ji, duk bayanin da zan yi miki bai kai ki ga wannan yankan da idonki sau goma ba. Ɗalibin da ya yanka ashirin ya ajiye biyu yana wuce wanda ya ajiye duk ashirin ɗin, wannan na gan shi ba sau ɗaya ba.

Ki yanke farce, ki cire zobe da awarwaro. Hijabi ko mayafi ki soke shi ta baya ko ki sa ƙarami, kada gefensa ya sauka kan faifai mai juyawa. Lalle kuma yumɓu yana cinye shi da wuri, in akwai biki a gabanki ki san da haka.

Wanda kika ga ya cancanci ajiyewa, tafiyarsa yanzu ta fara. Ana barinsa ya sha iska har ya yi tauri kamar sabulun wanki, farce yana shiga amma ba ya lotsewa. A wannan hali ake kifa shi a kan faifai a kankare gindi da ƙarfe a fitar masa da ƙafa, a nan kuma ake liƙa mariƙi, a kakkarce wuraren biyu a shafa kunun yumɓu a haɗa. Tunda ajinku mako-mako ne, dole ki lulluɓe shi da leda sosai kafin ki tafi. Yanayinmu yana da nasa hukunci. Da hunturu, kofin da aka bari a buɗe da safe kafin la'asar bakinsa ya bushe ƙarau gindi yana nan ɗanye, sai ya tsage ko mariƙi ya ɓalle. Da damina kuwa sai ya yi kwana goma yana sanyi. Ki kifa shi a kan bakinsa in ya ɗan yi ƙarfi, ki nisanta shi da rana da fanka. Kafin a sa a wuta, ki kara shi a kumatu, in kin ji sanyi to da sauran ruwa a ciki. Za ki ji ana cewa kumfar iska ce ke fasa tukunya a tanderu. Ruwa ne ke fasa ta. Da zafi ya kai digiri 100 ruwan ya zama tururi, in bai sami hanyar fita da sauri ba sai ya tarwatsa kayan, har ya ɓata na maƙwabta.

Gashi biyu ake yi. Na farko yana kaiwa wajen digiri 1,000, a hankali ake hawa, musamman kusa da digiri 573 inda yashin da ke cikin yumɓu yake kumbura farat ɗaya, in ana sanyaya ma ya koma farat ɗaya. Bayan wannan gashi yumɓu ya tashi daga yumɓu har abada, ko an jiƙa shi shekara ba zai narke ba, amma yana shan ruwa, shi ya sa yake kama ruwan gilashin da ake tsoma shi ciki, wanda za ki ji ana ce wa gilez. Gashi na biyu, in irin kayan nan ne masu ƙarfi kamar dutse, yana kaiwa digiri 1,200 zuwa 1,300, a nan garin gilez ɗin yake narkewa ya zama gilashi a jikin kofi. Launin da kika gani a bokiti ba shi zai fito ba, abu mai ruwan toka yana iya fitowa kore ko ruwan zuma, don haka ki nemi a nuna miki gutsattsarin gwaji. Ki goge gindin tas kafin ki miƙa, in ba haka ba zai manne da dakalin tanderu sai an fasa. Kuma ki gina komai ya ɗan fi yadda kike so girma, daga ɗanye zuwa gasasshe yumɓu yana raguwa da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. In kin lissafa, daga ranar gini zuwa ranar da za ki sha shayi a ciki, mako uku zuwa huɗu ne. A aji na mako takwas ke nan abin da kika gina a mako na huɗu da na biyar shi za ki kai gida. Ba ki makara ba ko kaɗan.

Abu biyu ba na wasa da su. Na farko ƙura. Busasshen yumɓu yana da garin yashi mai laushin da ido ba ya gani, in ya shiga huhu ba ya fita, shekara da shekaru yana taruwa ya zama cutar da ba ta da magani. Ba a share ɗakin gini da tsintsiya, da jiƙaƙƙen tsumma ake gogewa, kuma ba a goga busasshen kaya da samfefa a cikin ɗaki. Na biyu dalma. Tana sa gilez ya narke a ƙaramar wuta ya yi ƙyalli mai kyau, shi ya sa wasu ke sha'awarta, amma abu mai tsami kamar zoɓo ko tsamiya ko lemo yana jawo ta daga jikin kofi zuwa cikin mai sha. Mun ga abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu sanadin dakan duwatsun zinare a cikin gidaje. Ki tambayi malaminku kai tsaye ko gilez ɗinsu yana da dalma, kuma wanne ne aka yarda a ci abinci a cikinsa. Malamin kirki zai ji daɗin tambayar.

Batun ko hannunki na sana'ar ne, ki ɗauko Naira 20 ki juya bayanta. Matar da ke zaune tana gini ita ce Ladi Kwali, Bagwariya daga garin Kwali, wadda ta koyi gini tun tana yarinya a wajen gwaggonta, ba keke ba tanderu. A ginin Gwari tukunya ce ke zaune, maginiya ita ke zagaya ta tana jan bango tana ɗora igiyar yumɓu. Sunanta ya riga ya kai fadar Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, wanda ke ajiye tukwanenta, kafin Baturen Ingila Michael Cardew ya gan su. Shi Cardew gwamnatin mulkin mallaka ce ta ɗauke shi aiki a 1950, ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a Abuja ta da, wadda yanzu ake kira Suleja. Ladi ta shiga cibiyar a 1954, ita ce mace ta farko, kuma a can ta zauna ta koyi keke daga farko kamar kowa, tana da kusan shekara talatin, duk da ta fi kowa a wurin sanin yumɓu. Ta yi kwanuka da kofuna a kan keke, amma abin da ya kai ta Landan da Amurka, ya sa Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, su ne manyan tulunan da ta ci gaba da ginawa da hannu, da zanen ƙadangare da kunama da kada da kifi a jikinsu. Ta rasu a Minna a 1984.

Na kawo ta ne don kada ki ɗauka keke shi ne ginin tukwane, sauran kuma aikin ƙauye ne. Keke kayan aiki ne na yin abu da yawa iri ɗaya cikin sauri, kofi arba'in masu kai ɗaya. Randar da ta kai ƙugu kuwa har gobe hannu ne gwaninta. Akwai ma abin da tukunyar gargajiya ke yi wanda namu na tanderu ba ya iyawa. Maginanmu suna haɗa yumɓu da dakakken tsingaro ko yashi, su gasa a fili da itace da kara da ciyawa, wutar da ba ta cika wuce digiri 800 ba. Jikin tukunyar sai ya zama yana da ƙananan ƙofofi. Ta nan ruwa ke tsattsafowa iska ta busar, shi ya sa ruwan randa ke sanyi, kuma da wannan hikima Malam Muhammad Bah Abba ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya a Jigawa. Wannan sakin jikin ne kuma ke sa tukunyar ƙasa ta zauna a kan murhu ba ta fashe ba. Kwanon da za ki fitar daga ajinku, in kin ɗora shi kan wuta tsagewa zai yi, in kin zuba masa ruwa ba zai sanyaya ba. Su kansu tulunan Ladi da aka shafa wa gilez aka gasa a babbar wuta sun yi nauyi sun daina sanyaya ruwa, sun koma kayan ado. Kowanne da gidansa. In akwai tsohuwa mai gini a garinku, ki kai mata goro ki zauna kusa da ita wuni ɗaya, ki ga yadda take kifa tsohuwar tukunya ta barbaɗa toka ta shimfiɗa yumɓu a kai tana bugawa. Abin da yatsunki za su koya a can game da kauri da danshi zai biyo ki har kan keke. In kuma bayan mako takwas kin ga keke bai kwanta miki ba, ginin hannu yana nan, ba faɗuwa ba ce.

Sai dai kada ki ɗebo yumɓun bakin rafinku ki cusa a tanderun aji ba tare da izini ba. Yawancin jan yumɓunmu yana da ƙarfe da yawa, a digiri 1,250 kumbura yake yi ko ya narke ya malale ya lalata kayan mutane. Shi ya sa masu wannan aiki suke haɗa shi da farar ƙasa irin ta Ƙanƙara a Katsina da wasu duwatsun da aka niƙa. In kina son gwada naku, ki shanya shi, ki daka, ki jiƙa ya zama kunu, ki tace da rariya mai laushi don fitar da tsakuwa, musamman farin dutsen nan na farar ƙasar shafe da ke tsattsage kaya bayan gashi. Ki yi ɗan sanda ki ja layi mai santimita 10 a kai, ki ba malam ya gasa a cikin wani kasko da zai tare shi in ya narke, ki sake aunawa. Daga nan za ki san raguwarsa da irin wutar da yake ɗauka.

Wannan ne ma dalilin da na ce kada ki sayi keke. Keke ba tare da tanderu ba, busasshiyar laka kawai zai tara miki a ɗaki. Tanderu ne tsada, shi ne kuma ilimin da ya fi wuyar samu. Na lantarki yana jan wuta mai yawa na tsawon awa takwas ko fiye, in aka ɗauke a tsakiya aiki ya koma baya, shi ya sa da yawa a nan gas ko itace suke amfani da shi. Kuɗin da za ki sa a keke, ki tambaya ko suna barin ɗalibai su zo su yi gwaji a ranakun da ba aji, ki biya wannan. Awa biyu sau ɗaya a mako ta yi kaɗan, hannu yana mantuwa kafin wani makon, in kin samu zuwa sau biyu za ki ga bambanci cikin wata guda. Ki riƙa neman a bar ki ki tsaya ranar da ake jera kaya a tanderu da ranar da ake buɗewa, ki taya su tace yumɓu da sake kwaɓa wanda ya rushe. In kin yi wata shida kina haka kuma har yanzu ranki yana wurin, sai mu yi maganar keke, kuma a lokacin zan ce ki duba na ƙafa, wanda ake shurin babban faifai mai nauyi a ƙasa. Ba ruwansa da wuta, maƙerin walda mai hankali yana iya haɗa shi, kuma yana hana mutum gudun da ya wuce kima.

Ranar ajinku mai zuwa, ki je da wuri ki cuɗa ƙwallaye takwas. Huɗun farko kada ki huda su ma, ki daidaita, ki ture shi da gangan ya karkace, ki sake daidaitawa, ido a rufe, har sai kin ji shirun nan sau uku a jere. Huɗun ƙarshe ki yi gwangwani, ja uku kowanne, ki yanka su duka. Ki jera rabi-rabin a kan katako daga na farko zuwa na ƙarshe, ki ɗauki hotonsu ta gefen yankan ki turo mini, zan gaya miki inda yatsanki yake matsawa da inda yake saki.